Gadon Nessa

Ranar Lahadi, bayan sun gama cin abincin rana, Alec Rutherford ya ture farantinsa gefe, ya zaro wata takarda daga aljihun rigar sanyinsa, ya shimfiɗa ta a tebur ya danne da kwalbar gishiri.

"Na rubuta wasiyya," in ji shi. "Saura shaidu biyu kawai."

'Yarsa Hazel tana bakin famfo tana ɗauraye tukunya. Ta kashe ruwan, ta goge hannu, ta zo ta duba. Fom ne irin wanda ake sayarwa a shagon jarida, ya cike shi da manyan baƙaƙe kamar mai rubuta suna a jikin jirgi. Shekarunsa saba'in da tara, arba'in da biyar daga ciki a teku ya yi su yana kamun ƙaguwa daga tashar Amble, kuma tun da matarsa ta rasu bai ƙara shawara da kowa a kan komai ba, ko da fentin ƙofa ne. Abin da ya rubuta gajere ne. Kwale-kwalensa da kayan aiki na ɗansa Graham. Zoben mamarsu da agogon bango na Hazel. Gidan da yake ciki, da duk abin da ke banki, na jikarsa Vanessa Dodds.

Vanessa 'yar Hazel, wadda kowa ke kira Nessa, tana falo a lokacin, ta kunna waƙa tana kaɗa cokula biyu a hannun kujera. Shekarunta goma sha shida. An haife ta da larurar Down, da kuma rami a zuciya wanda aka ɗinke tana wata bakwai. Tana karatu a hankali, tana hawa bas ita kaɗai in hanyar da ta sani ce, amma in ka ba ta fam ashirin ta shiga shago, duk canjin da aka miƙo mata karɓa take ta yi godiya. Ubanta ya tafi tana shekara huɗu, sai kati da yake aikowa duk Kirsimeti. Hazel ce ta raine ta, da albashin girki a makarantar firamare da kuma taimakon wannan tsohon.

Hazel ta karanta takardar sau biyu. Sannan ta ja kujera ta zauna.

"Baba, kada ka sa hannu a wannan."

"Au, kishi kike? Agogon nan ya fi shekara ɗari, kada ki raina shi."

"Ba agogo ba ne. Ka ba ta duk abin da kake so, ni ba na neman ko cokali. Amma in ka ba ta haka, da sunanta, kamar ba ka ba ta komai ba ne."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ba ya son magana mai zagaye, ita ma ta sani, don haka ta ba shi labarin Martin kai tsaye. Martin ɗan Sheila Purvis ne, wata mata da suke haɗuwa duk Talata a taron iyayen yara masu larura, a zauren coci. Yana da ɗaki nasa, da ma'aikata masu zuwa safe da yamma, duk a cikin tallafin da doka ta ba shi. Sai gwaggonsa ta rasu ta bar masa fam dubu sittin, don ƙauna. To dokar ita ce, in mutum yana da fiye da fam dubu goma sha shida da sunansa, tallafin ci da na haya ya tsaya. Ƙaramar hukuma ma tana da tata iyakar, in ka haye ta, kai za ka biya masu kula da kai daga aljihunka. Shekara uku Martin yana biyan haya da ma'aikata da kuɗin gwaggo, abubuwan da tun farko yake samu kyauta. Ko hutun mako ɗaya bai je da su ba. Da suka ƙare, Sheila ta koma cike fom daga farko, wata bakwai tana jira.

"Nessa saura shekara biyu ta shiga wannan layin," in ji Hazel. "Gidan nan zai yi fam dubu ɗari da tamanin. Masu kula da ita kaɗai za su cinye shi kafin ta kai ashirin da biyar, Baba. Kuma tana iya kai sittin a duniya."

Daga falo ana jin cokula suna ta aiki.

"Shekara arba'in da biyar ina fita cikin sanyi," in ji Alec, "ba don in biya wa gwamnati kuɗin haya ba."

"Abin da nake faɗa ke nan."

"Shi ke nan. Na cire sunanta, na sa na Graham. Ya riƙe mata. Ɗan'uwanki ne, ba ɓarawo ba."

"Akwai hanyar da lauya..."

"Lauya! Fam ɗari biyu don ya ce min sannu da zuwa. Na gama magana."

Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Hazel ba ta ja da shi ba. Ta san mahaifinta: in ka tura shi ta gaba ƙara kafewa yake. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi, a ranta kuwa ta riga ta san inda za su ranar Laraba.

Graham yana da gareji a bakin gari, shi da ma'aikata biyu. Ya girmi Hazel da shekara uku, ƙato ne mai dariya da yawa, kullum hannunsa baƙi ƙirin da mai. Suka same shi ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Fito, ina da magana," in ji Alec, yana taɓa takalminsa da sanda.

Graham ya silalo waje ya zauna a ƙasa. "Wa ya mutu? Ku biyu tare ranar aiki, gabana ya faɗi."

"Ni zan mutu. Zan bar maka gidan, ka riƙe wa Nessa."

Graham ya dubi ƙanwarsa, ya dubi tsohon, ya jawo tsumma ya shiga goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"A'a, Baba."

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ka ga wancan injin ɗaga mota? Na banki ne sai nan da shekara huɗu. In garejin nan ya durƙushe, duk abin da ke da sunana za su kwashe, ba ruwansu da wai na Nessa ne a zuciyata. In kuma na faɗi matacce gobe, da wannan tumbin ba abin mamaki ba ne, matata ce za ta gada. Mutuniyar kirki ce, amma in ta sake aure fa? Sai kuɗin Nessa su koma hannun wani ƙaton da ko ganinta bai taɓa yi ba."

"Kai dai ka ce ba ka son wahala."

"Wahalar ina so. Ka ɗora min ita, amma a rubuce, yadda ko ni ba zan iya ɓata ta ba. Ka je wurin lauyan, tsoho. Ni zan biya, in dai kuɗin ne ke ci maka rai."

"Ba wanda zai biya min lauya," in ji Alec, ya juya ya nufi mota.

Graham ya kanne wa Hazel ido. "Zai je ke nan."

Ya je kuwa. Mako biyu bayan haka, lokacin hutun makaranta, suka hau benen wani ofis a Alnwick, saman gidan burodi, su uku har da Nessa don ba wanda za a bar ta wurinsa. Alec ya ɗaura lakataye ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Lauyar sunanta Moira Tait, ƙaramar mace mai furfura, wadda Sheila Purvis ta ce da ta san ta da wuri da ba haka ba. Ta gaisa da Nessa da hannu kafin kowa, ta tambaye ta ko shayi ko lemo, sannan ta juyo ga tsohon.

Ta yi bayani ba tare da dogon Turancin kotu ba. Za a rubuta a wasiyyarsa cewa gidan da kuɗin ba za su shiga hannun Nessa ba, za su shiga asusun amana. Mutum biyu ko uku da ya zaɓa su ne za su riƙe. Su ke yanke abin da za a kashe, da lokacin da za a kashe, don amfaninta. Nessa ba ta da ikon ta je banki ta ce a ba ta, saboda haka in an zo lissafin abin da ta mallaka, ba a sa su a ciki. Su ma masu riƙon ba nasu ba ne, mai bin su bashi ba ya taɓa su. Tallafinta ya ci gaba da biyan haya da masu kula da ita, asusun kuma ya yi mata abin da tallafi ba ya yi.

Hazel ta ɗauka an gama. Sai ta ga muƙamuƙin mahaifinta ya motsa.

"Wato dai ɓoye kuɗi za mu yi," ya ce. "Ni tun da nake ban taɓa karɓar sisin gwamnati da ba na gumina ba. Shekarar da hadari ya farfasa min tarkuna, wata huɗu muna cin dankali da man shanu, ban je layi ba. Yanzu da tsufana za a ce in yi wayo, yarinya tana da gida a ɓoye tana karɓar na talakawa?"

"Baba!" in ji Hazel.

"Bar shi, tambaya ce mai kyau," in ji Moira Tait. Ta ajiye biro. "Mista Rutherford, ba abin da za a ɓoye. Za a yi wa asusun rajista, za a biya harajin da ya hau kansa, kuma ranar da ofishin tallafi ya tambaya, takardar nan za a miƙa musu su karanta. Doka ta san da irinsa. Dukiyarka ce, kana da ikon ka bar ta ga wanda kake so, yadda kake so. Bari in tambaye ka. Shekara nawa ka yi kana biyan haraji?"

"Tun ina sha biyar."

"Don wa aka tara shi?"

Moira Tait ta ci gaba.

"Tallafin zai ba ta rufin ɗaki, da abinci, da mai taya ta wanka in tana buƙata. Ba zai saya mata rigar sanyi mai kyau ba, ba zai kai ta ganin kowa a wani gari ba. Wannan sai wanda yake ƙaunarta."

Alec ya juya ya kalli taga. Hazel ta ga yana murza hularsa a cinya, ta san maganar ta shiga, ko da ba zai faɗa ba.

Duk wannan lokacin Nessa tana shan lemonta tana bin bakin kowa da ido. Sai ta ajiye kofin.

"Kaka, mutuwa za ka yi?"

"Ba yau ba, sarkin surutu. Sai na ga kin koyi wanke kofi tukuna."

"Na iya. Kai ne ba ka iya ba, naka duk baƙi ne a ciki." Ta juya ga lauyar. "Kuɗina ne ko ba nawa ba ne?"

Hazel ta buɗe baki za ta amsa mata, kamar yadda ta saba, amma Moira Tait ta riga ta.

"Don ke aka ajiye su, amma ba ke za ki riƙe ba. Mamanki da Kawu Graham za su riƙe. In kina son abu, sai ki gaya musu."

"In sun ce a'a fa?"

"Suna iya cewa a'a."

Nessa ta yi tunani, ta turo baki. "Mama kullum a'a take cewa."

Alec ya fashe da dariya har da tari. Hazel ta ji kunya ta kama ta, ta ce, "Ba kullum ba," amma ba wanda ya saurare ta.

"Akwai maganin wannan," in ji lauyar. "Mista Rutherford, ban da wasiyyar, ina so ka rubuta wasiƙa da hannunka zuwa ga masu riƙon amanar. Ba ta doka ba ce, ba ta tilasta kowa. Ka faɗa musu wace ce Nessa a wurinka, da abin da kake so kuɗin su yi mata. Ni zan ajiye ta."

"Ni ba marubuci ba ne."

"Na ga fom ɗinka. Ana karantawa."

Aka zaɓi Hazel da Graham, aka rubuta cewa in ɗayansu ya gaza, 'yar Graham ta fari, wadda ke aikin jinya a Newcastle, ta maye gurbinsa. Abin da ya rage bayan Nessa kuma a raba tsakanin sauran jikoki da masu jirgin ceto na gari. Alec ya sa hannu wata guda bayan haka, ya biya kuɗin lauyar da kansa yana gunaguni. Wasiƙar kuwa mako uku ta ɗauke shi. Hazel takan zo ta tarar da shi a teburin kicin da kwandon shara cike da yagaggun takardu, da ta shigo sai ya rufe da jarida.

Ya ƙara shekara uku a duniya. Wata safiya a watan Afrilu, bayan ya karya kumallo, ya zauna a kujerarsa zai ɗaura takalmi, bai tashi ba. Maƙwabciya ce ta same shi. Aka binne shi kusa da matarsa, tsofaffin masunta suka cika cocin. Nessa ta tsaya gaban mutane ta ce, "Kakana ne. Ya iya soya kifi. Ba ya jin magana." Ta koma ta zauna, ta kifa kai a kafaɗar mamarta ta yi kukan da ya ɗauki sauran addu'ar.

Bayan kwana goma Moira Tait ta ba Hazel da Graham kowa kwafin wasiƙar a ambulan. Hazel ta ga rubutun a bayan ambulan ɗin, manyan baƙaƙen nan, ta ji ba za ta iya ba. Ta saka ta a durowar da take ajiye takardun asibitin Nessa, ta ce sai ta huce.

Aiki kuwa bai bar ta ta zauna ba. Aka kwashe kayan gidan, aka sayar da shi kafin kaka, kuɗin suka shiga asusun da ba ya motsi sai da sa hannun mutum biyu. A daidai lokacin ne gurbi ya samu a wani gida kusa da bakin ruwa, inda 'yan mata biyu masu irin larurar Nessa ke zaune da ma'aikata masu canjin aiki. Nessa, mai shekara goma sha tara yanzu, ta ga ɗakin ta ce nata ne tun kafin a tambaye ta. Sauyin gida ya sa dole a sake duba tallafinta, aka kira su ofis.

Hazel ta sha zuwa irin wannan ofis, shekara goma sha tara tana zuwa, kuma kullum da fargaba take shiga. Ran nan ba ta ji komai ba. Jami'in saurayi ne mai ladabi, yana bin tambayoyin da ke kan na'urarsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan dukiya ya ce, "Tana da ajiya, ko gida, ko gado da ya shigo mata kwanan nan?"

"Ajiyarta fam ɗari huɗu da 'yan kai. Kakanta ya rasu a Afrilu, ya bar dukiyarsa a asusun amana, tana cikin masu amfana. Ni da yayana muke riƙe da shi. Ga wasiyyar, ga takardar lauya, ga lambarta in kuna da tambaya."

Ta jera su a gabansa. Ya karanta shafin farko, ya tashi ya je ya nuna wa wata babbarsa, ya dawo ya ɗauki hoton takardun.

"Za mu rubuto muku," ya ce.

"Na sani," in ji Hazel.

Mako uku bayan haka wasiƙa ta zo, layi huɗu: ba abin da ya canza. Hazel ta karanta a tsaye a bakin ƙofa, ta ninke, ta tafi aiki ta dafa wa yara ɗari da ashirin taliya.

Abin farko da asusun ya saya katifa ce mai kyau, sai tabarau, sai kuɗin likitan haƙori. Hazel ce ke kawo magana, Graham ya sa hannu. Duk rasit tana ajiye shi. Ba ta yarda a taɓa kuɗin sai ta lissafa shekarun da ke gaba: ranar da gwiwoyin Nessa za su gaza, ranar da zuciyar nan da aka ɗinke za ta nemi wani aikin, ranar da ita Hazel ba ta nan. In ta tuna waɗannan sai ta ga kuɗin ba su da yawa ko kaɗan.

Sai ga Nessa da tata buƙatar. Duk Alhamis tana zuwa wani ajin kiɗa na matasa a zauren gari, kuma malamin ya ɗora ta a kan ganguna. Wata Asabar, suna cin kifi da soyayyen dankali a kicin ɗin Hazel, Graham ma yana nan, ta ajiye cokali ta ce tana da magana da masu riƙon amana. Haka ta faɗa, ta haddace kalmar.

"Muna ji, ranki ya daɗe," in ji Graham.

"Ina son ganguna. Nawa na kaina. Masu faranti a sama."

"Nawa ne?"

Ta ciro takarda daga jaka, malamin ya rubuta mata: fam ɗari tara da hamsin.

"A'a," in ji Hazel. "Kina bugawa ran Alhamis kyauta. Kuma ina za ki ajiye su? 'Yan gidanku su yi barci a ina?"

"Akwai ɗaki a baya, na tambaya. Sun ce daga ƙarfe huɗu zuwa biyar."

"Nessa, kuɗin nan ba na wasa ba ne."

Nessa ba ta yi kuka ba. Ta mayar da takardar jaka, ta ɗauki jakar ta fita lambu ta zauna a kan benci, ta ba su baya.

Graham ya ci gaba da cin dankalinsa. Can ya ce, "Kin karanta wasiƙar tsohon?"

"Zan karanta."

"Wata takwas ke nan, Hazel."

"Ni na haife ta, ni na san abin da take buƙata. Ba sai takarda ta gaya min ba."

"Ke kika haife ta, ba wanda ya musa. Amma a kan kuɗin nan ke ɗaya ce cikin biyu, ni ma an ɗora min. Ni na ce a saya, ke kin ce a'a. Mai kuɗin ya bar magana. Je ki ɗauko, ko in karanto miki da ka, don na kusa haddace ta."

Ta harare shi. Sannan ta tashi ta haye sama, ta buɗe durowar, ta zauna a bakin gado ta farke ambulan ɗin. Shafi ɗaya ne da rabi.

"Hazel da Graham. An ce in rubuta, ga shi. Ku saya mata takalmi mai kyau, tana tafiya a gefen ƙafa, mai arha yana cin ta. Ku kula da haƙoranta. Ko sau ɗaya a shekara a fita da ita teku a jirgi, ba ta amai, ta fi Graham. Kada a bar ta a gidan da ba a dariya, in kun ga haka ku ɗauke ta ko nawa ne.

"Graham, kai hannunka a sake yake, ka saurari ƙanwarka a kan manyan abubuwa. Hazel, ke kuma za ki so ki ɓoye kowane sisi saboda tsoron gobe. Na san ki, ni na koya miki. Ki ajiye, amma ba duka ba. Yarinyar nan tun da aka haife ta mutane ke yanke mata abin da ya dace da ita. In ta nemi abin da kuke ganin shirme ne, ku tambaye ta dalili, kuma ku jira ta gama, ba ta da sauri. In ba zai cuce ta ba ku saya. Ni na sayi babur ina da shekara sittin, mamarku ta yi kwana tara ba ta kula ni ba, kuma ban taɓa nadama ba.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Ban faɗa miki ba da baki don ban iya ba. Babanku."

Hazel ta ninke wasiƙar. Ta wanke fuska a banɗaki, ta sauko, ta wuce Graham, ta fita lambu ta zauna a gefen bencin.

"Gaya min," ta ce. "Me ya sa kike son naki?"

Nessa ta ɗauki lokaci. Ta fara, ta tsaya, ta sake farawa. Hazel ta danne harshenta, ba ta ƙarasa mata ko kalma ɗaya ba. A hankali maganar ta fito. Ajin nasu zai yi wasa a bikin tashar jiragen ruwa a watan Mayu, a gaban mutane. Akwai wata waƙa mai wuri mai sauri a tsakiya, kullum a nan take ɓata. Malamin ya ce in ba ta iya ba kafin lokacin, wani zai buga wannan waƙar, ita ta kaɗa kacau-kacau. Awa ɗaya a mako ba ta isar ta. Sauran suna koyo sau uku su iya, ita sai ta yi sau ɗari.

"Na san sau ɗari ne," in ji Nessa. "Zan yi. Amma ba ni da wurin yi."

"Me ya hana ki faɗi haka tun ɗazu?"

"Kin ce a'a kafin in kai wurin."

Asabar ta gaba suka shiga motar garejin Graham su uku suka tafi Newcastle. Mai shagon kayan kiɗan ya nuna musu iri biyu, baƙi da ja, jan ya fi tsada da fam arba'in. Nessa ta zauna a bayan jan, ta gyara kujera, ta karɓi sandunan, ta buga abin da ya sa wani mai gwada jita a ƙarshen shagon ya juyo. Ta ɓata a tsakiya, ta tsaya, ta ƙirga huɗu da baki, ta sake.

"Baƙin ma sautinsu ɗaya ne," in ji Hazel a hankali.

"Hazel," in ji Graham.

"Faɗa kawai na yi." Ta ciro takardar cekin asusun, ta rubuta, ta sa hannu, ta miƙa masa biro. "Sa naka. Kuma kai za ka ɗauke su, bayana ba zai ɗauki wannan babbar ba."

Suka loda kwalaye bakwai a bayan motar. A hanyar komawa Nessa ta zauna a tsakiya, sandunan a hannunta, ta ƙi yarda a sa su cikin kwali. Da suka iso gidan, 'yan matan biyu da ma'aikaciyar ranar suna bakin ƙofa suna jira, an riga an share ɗakin baya an shimfiɗa tsohon kafet. Graham ya yi awa ɗaya da rabi yana haɗa ƙarafa yana zagin takardar bayani. Saura minti goma ƙarfe huɗu ta cika ya ɗaure faranti na ƙarshe.

Nessa ta dubi agogon wayarta, ta zauna, ta ɗora sandunan a cinya.

"Buga mana," in ji Graham.

"Huɗu ba ta yi ba, Kawu. Na yi alkawari."

Suka tsaya duka a ɗan ƙaramin ɗakin suna jiran ƙarfe huɗu.